Rabona a gonar Baba bai kai fuloti ba

Ranar da za a raba gonar Baba, Allah ya jiƙansa, ni aka miƙa wa littafi da biro, wai ni ne ɗan boko. Asabar ce, an gama yankan dawa, sanyi ya fara leƙowa. Malamin da aka ɗauko don rabon gado ya zauna a kan tabarma a gindin kuka, mai unguwa a gefensa, ƙannena biyu suna riƙe da igiyar awo. Iyayenmu mata ba su zo ba, Kawu suka wakilta. Malam ya yi wa mamaci addu'a, ya tambaya ko da bashi ko wasiyya, aka ce duk an sauke, sannan ya dube ni ya ce in rubuta: matan aure biyu, 'ya'ya maza bakwai, mata huɗu.

Gonar eka ɗaya ce. Aka fitar wa iyayenmu tumuninsu, abin da ya rage aka kasa shi goma sha takwas, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, yadda shari'a ta tsara. Da aka ja igiya aka kakkafa turaku, na shiga tsakiyar nawa na tsaya ina waige-waige. Taku kaɗan gabas, taku kaɗan yamma, shi ke nan. Bai kai fuloti cikakke mai ƙafa hamsin da ɗari ba. Mijin ƙanwata da aka nuna masa rabon matarsa dariya ya yi, ya ce ko akuya aka ɗaure a nan sai an haɗa mata da dusa. Duka muka yi dariya, har malam. Amma da na koma gida na sake buɗe littafin, dariyar ba ta dawo ba.

Ba wanda ya cuci wani. Na bi lissafin malam da biro sau biyu, daidai yake. Ƙasar ce kawai ba ta ƙaru ba, mu kuwa mun ƙaru.

Ita wannan ekar guntu ce daga gandun kakanmu, wanda kowa ke kira Baba Tsoho. Eka goma sha biyu yake nomawa a wani ƙauye a ƙasar Kumbotso, lokacin da idan ka ce za ka Kano sai ka yi sallama da gida kamar mai tafiya. Da ya rasu ya bar maza tara da mata shida, kowane namiji ya tashi da eka ɗaya, mace rabi. A bikin da aka yi bara ni da wata gwaggona muka zauna muka ƙirga jikokinsa da yatsu, muka haura ɗari. Tattaɓa-kunne ba mu ma fara ba, ta ce in bar ta haka kada baki ya kama yara.

Na riski ƙarshen wancan zamani, shi ya sa abin yake ci mini rai. Na san gonar nan lokacin da gero da dawa da wake da gyaɗa suke kunya ɗaya, kowa na cin arzikin ɗan'uwansa. Akwai gawo guda uku a cikinta, da ɗorawa, da kanya, da tsamiyar da aka hana mu zuwa gindinta da rana tsaka. Da rani kuwa aikin jaki ne. Baffa zai ɗora masa itace ko kara da asuba ya nufi birni, ya sayar, ya dawo da mangala shaƙe da taki: toka, kashin awaki, sharar tsakar gida. A zube shi tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Birni na cin abincin ƙauye, ƙauye na cin sharar birni. Ba a barin gona ta yi saura don babu filin da za a koma, amma ba ta gajiya, saboda kowace shekara ana mayar mata da abin da aka ɗauka.

Sai da na girma na gano har Turawa sun yi nazarin wannan tsari. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, yana nuna yadda mutane masu ɗimbin yawa suke rayuwa a ƙasa ƙanƙanuwa ba tare da sun kashe ta ba. Na kawo shi ne don kada wani ya ɗauka cewa nake yi yawan jama'a baƙon abu ne a ƙasar Kano. Mun daɗe da yawa. Abin da ya sauya shi ne saurin ƙaruwar, da kuma cewa yanzu gonar kanta ake ci, ba amfaninta ba.

Ku duba lissafin ƙasa baki ɗaya. Ƙidayar 1963 ta ce 'yan Najeriya sun ɗan haura miliyan 55. Ta 1991 ta ce kusan miliyan 89. Ta 2006 ta ce miliyan 140, jihar Kano kaɗai tana da kusan miliyan 9.4, bayan an riga an cire mata Jigawa a 1991. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi, amma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mun wuce miliyan 220, kuma zuwa 2050 za mu haura miliyan 350. Na san kowace ƙidaya a ƙasar nan da rigimarta take zuwa, kowane yanki na zargin ɗan'uwansa da aringizo. To ku ajiye alƙaluman gwamnati a gefe, ku hau adaidaita sahu daga Ƙofar Nasarawa ku nufi Panshekara ko Mariri ko Rijiyar Zaki, ku gaya mini inda gari ya ƙare. Kumbotso da Ungogo da a da ƙauye ne, yau suna cikin ƙananan hukumomi takwas da ake kira ƙwaryar birni da kewaye.

Dalilin ƙaruwar ma ba ɓoyayye ba ne, kuma rabinsa abin godiya ne. Gwaggo ta ce matan Baba Tsoho sun yi haihuwa ta kusa talatin, sha biyar suka rayu. Ƙyanda ta ɗauki wasu, tarin shiƙa ya ɗauki wasu, wasu zazzaɓin kwana biyu. Agana da ta huda fuskokin kakanninmu an kawar da ita daga duniya, an tabbatar da hakan a 1980. Rigakafi ya zo, asibiti ya matso kusa, yara suka daina mutuwa kamar da, alhamdu lillahi. Sai dai yawan haihuwar da aka saba yi don cike gurbin waɗanda za su tafi yana nan yadda yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace ɗaya a Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Arewa maso Yamma 6.6, a Katsina da Jigawa sama da bakwai, a Legas ƙasa da huɗu.

Yanzu bari in gaya muku yadda ƙauyenmu ya koma, don a nan ne lissafi yake zama abin da ake gani da ido.

Da ƙarami ya ga rabonsa ba zai ciyar da shi wata biyu ba, sai dillali ya zo. A yanka gona awon igiya, wannan ƙafa hamsin da hamsin, wancan rabinsa, a bar lungu wanda mota ba ta shiga. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwa, maƙabartar ma sai da dattawa suka yi da gaske aka bar mata hurumi. Ban ga laifin masu saye ba. Yawancinsu 'yan birni ne da gidan gado ya yi musu kaɗan, ɗaki ɗaya mutum da matarsa da 'ya'ya biyar, suka lallaɓo inda kuɗinsu zai iya. Su ma igiyar awo ce ta koro su, kamar yadda ta koro mu.

Rijiyar gidanmu da nake yaro gaba shida ce, kuma ko a tsakiyar bazara guga ba ya dawowa wayam. An yi mata ƙari sau biyu, daga baya aka rufe ta da kwano aka ɗora dutse. Kowa ya samu hali sai ya haƙa burtsatse, kowace sabuwa ta fi ta maƙwabci zurfi, ta janye masa ruwa, a yi ta gaba a masallaci. Famfo kuwa an ja mana bututu shekarun baya, amma yaran unguwar sun fi saninsa a matsayin wurin ɗaure tunkiya. Kano na da matatar ruwa a Challawa tun zamanin Turawa, ga ta Tamburawa, ga madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, amma garin ya tsere wa bututun da nisa. Yau 'yan garuwa ne gwamnatin ruwa. In ka ji ƙarar kura da asuba ka fito da sauri, in ka makara sai ka yi alwala da ruwan leda. Ga kuma abin da ba a son faɗa: a fili mai ƙafa hamsin, tsakanin masai da rijiya taku nawa ne? Duk damina sai an kwashi yara zuwa asibiti da amai da gudawa, a ce iska ce.

Akwai wani kududdufi a bayan gidanmu, inda aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin ƙauyen. A nan muka koyi iyo, a nan muka sha bulala saboda iyon. Duk ruwan saman unguwa can yake gangarawa ya kwanta. Aka fara zuba masa shara, sharar ta yi tudu, wani ya zo da tifa goma ta ƙasa ya cike, ya yanka ya sayar. Ruwa kuwa bai san an sayar ba. Daminar da ta biyo baya ya zo neman gidansa, ya tarar da mutane a ciki, ya shiga ya kwana da su. Katangu huɗu suka faɗi a dare ɗaya, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. Haka aka yi wa kududdufai da dama a cikin birni, haka aka ci badala aka yi shaguna a kanta. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi ya san abin bai tsaya a kan talakan ƙauye ba.

Gawon nan uku tuni suka zama girki. Ɗorawar ma haka. Kukar da muka zauna a gindinta ranar rabo ita kaɗai ta tsira, don itacenta ba ya ci da wuta. Yanzu buhunan gawayi ake sauke mana daga manyan motoci, daga dazukan da ba mu taɓa gani ba, kuma duk ranar da kuɗin gas ya tashi sai layin mai gawayi ya ƙara tsawo. Takin birni da ya riƙe gonakinmu shekara da shekaru shi ma ya lalace, rabinsa leda ce da batir da fasassun kwalabe. Wanda ya zuba a gonarsa sai ya biya yara su tsince. Burtalin da Fulani ke bi da shanu ta gabashin gari, mai faɗin da garke biyu ke wucewa ba su gogi juna ba, manoma suka yi ta cinsa kunya ɗaya-ɗaya har ya zama hanyar ƙafa. Ranar da saniya ta saka baki a wake sai a zaro sanda. A wajenmu abin ya tsaya a gaban mai unguwa. Mun san inda bai tsaya a nan ba.

Matata malamar firamare ce. Na taɓa kai mata abinci na leƙa ajinta: yara ɗari da ashirin da wani abu a rajista, a ɗakin da aka gina don arba'in, na gaba gwiwarsu na taɓa allo, na baya suna zaune a kan taga. Ta ce kafin ta gama kiran suna an cinye rabin darasi, don haka ta daina kira. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 a Najeriya ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Waɗanda ke ajin matata suna cikin masu sa'a ke nan.

Na taɓa kawo wannan magana a gaban Baffa, ƙanin Baba, mai 'ya'ya goma sha tara. Ya bari na gama, ya gyara zama, ya ce, "Kai yaro, boko ya ɓata ka. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ubanka da ya haife ku goma sha ɗaya, wanne ya kamata ya bari? Kai?"

Na yi shiru, don tambayar ta kama ni. Ni ne na takwas.

Ya ci gaba, ya jawo ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, ya jawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce zai yi alfahari da yawan al'ummarsa. Ya ce Turawa sun gama cinye duniya da masana'antunsu da motocinsu, sun ɗumama ta, sannan su zo su ce mu ne muka yi yawa. Ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ranar zaɓe kowa ya san inda ake zuwa neman ƙuri'a.

A kan Turawa ban yi masa musu ba, gaskiya ya faɗa. Hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara, gidan Baffa kaf ba su fitar da shi. Kuma da kuɗin man fetur da aka sace an sa shi a bututu da aji da taki, da rabin abin da na lissafa a sama bai faru ba. Duk wanda zai ɗora wa mai haihuwa laifi ya wanke ɓarawon gwamnati, ba da ni ba.

Amma na ce masa, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ba Bature ne ya ja igiya a gonar Baba ba." Na ce ba wanda ya yi maganar kashe ɗa. Alƙur'anin da ya hana kisan shi ne ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, kuma sahabbai sun yi azalu, wato dabarar kauce wa shigar ciki, wahayi na sauka ba a hana su ba. Annabin da ya yi maganar alfahari da yawa shi ne kuma ya yi gargaɗin zamanin da za mu yi yawa amma kamar kumfar da ambaliya ke ɗauka. Kakanninmu ma da ba su san asibiti ba sun san kwanika abin kunya ne. Mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta daɗe, kuma ba a komawa sai yaro ya yi ƙwari. Su suka ce da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara, ba wata ƙungiyar waje ba. Baffa ya ce in tashi in ba shi wuri. Da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya faɗi makamancin haka a 2017, cewa kada mutum ya tara mata da 'ya'yan da ba zai iya riƙewa ba, shi ma ca aka yi masa, balle ni.

Wadda ban ambata wa Baffa ba ita ce Yaya, babbar 'yar ɗakinmu. Haihuwa tara cikin shekara goma sha huɗu. A ta ƙarshe jini ya ɓalle mata, muka kwana muna neman mai ba da leda biyu. Da ta farfaɗo, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mijinta ta yi masa bayanin tazarar haihuwa, ba ta ce ƙayyade iyali ba, don ta san da ta faɗi haka zai tashi. Ya yarda. Yaya ta gaya wa matata daga baya cewa ta fi shekara biyar tana son ta huta, kunya da tsoron kishiya suka hana ta buɗe baki. In ana gardamar yawan jama'a a majalisa, maza ne ke yi, da shayi a hannu. Masu ɗaukar cikin ba a tambayarsu.

Kuma ba mu ne Musulmin farko da suka tsaya a wannan mararraba ba. Bangladesh ƙasar Musulmi ce, mutum kusan miliyan 170 a filin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na Najeriya ba. A shekarun 1970 mace na haihuwar fiye da shida, yau wajen biyu, kuma babban abin da ya kawo hakan shi ne sa 'yan mata a makaranta da tura mata ma'aikatan lafiya gida-gida. Iran ma ta yi irin wannan saukowa cikin ƙasa da shekara ashirin, da goyon bayan malamanta. Ba su bar salla ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu shiga matsi, don suna cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan haihuwa a duniya: mutum miliyan uku da ɗoriya a 1960, miliyan 17 a ƙidayar 2012, yanzu sun wuce 25, kuma yawancinsu a ɗan siririn yankin kudu da ruwa ke sauka. Amma daga can ne na ga abin da ya ba ni kunya. A ƙasar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen itace ya tofo a gona, su rage rassan su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. An ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan biyar. Na je Maraɗi ta'aziyya na ga gawo a gonaki reras, irin wanda muka ƙone. Sai dai wani dattijo da muka yi hira da shi a can ya ce mini itace ya dawo, amma gonar da zai raba wa 'ya'yansa tana nan yadda ubansa ya bar masa ita, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba.

'Ya'yana huɗu. Mutane na tambayar matata ko lafiya, wasu har da kawo mata rubutu. 'Yan'uwana biyar sun sayar da nasu rabon, Baffa ma ya yanka rabin ekarsa bara da zai aurar da 'yan mata uku. Ni ban sayar ba tukuna. Bana na shuka wake da ɗan kuɓewa a wurin, tsakanin katangar wani ma'aikacin banki da harsashin wani da kuɗinsa ya ƙare a linta. Na samu wake kwano tara, awakin unguwa suka ci sauran. Dillalin ya sake kirana ranar Talata, ya ce mai katangar yana son ya faɗaɗa wurin ajiye mota, kuma ya ƙara a kan tayin da ya yi da azumi. Na ce masa ya bari sai na yi shawara da Yaya.